Barkonon Hajiyar Kebbe

Har yau ina tambayar kaina: da daga bakina maganar ta fito, zai ɗauka? Jikata ke rubuta mini wannan, tana dariya wai tsohuwa da kishi.

Shekarun baya, da maigidana ya yi ritaya daga aikin ƙaramar hukuma a Tambuwal, ya ce zai riƙa sayen wake da kaka ya ajiye sai bazara. Yayana ya ce zai koya masa. Amma yayan nawa ko shirme ka yi sai ya ce "Madalla." Malam ya ce shi mai tsawata masa yake nema. Ya hau babur sai Kebbe, wurin wata Hajiya da ta tsufa a harkar hatsi.

Ta girme mu duka, haƙoranta ma saura kaɗan. Ba aure na ji tsoro ba. Kunnensa ta ɗauke mini.

Ranar farko ta kore shi, don ya duba bakin buhu bai zura hannu ƙasa ba. Ya dawo yana murna kamar an naɗa shi sarauta. Daga nan gidanmu ya cika da "Hajiya ta ce."

Wata rana ya shigo da busasshen barkono. "Hajiya tac ce a daka a cuɗe da wake, ƙwari ba su shiga."

Na ce, "Malam, to mi nika zubawa cikin waken gidan ga tun da ka auro ni? Kwalli?"

Ya yi dariya. "Naki na girki ne, wanga na kasuwa."

Na daka masa ina hawaye, na ce yaji ne.

Gaskiya bai yi zaɓen banza ba. Ba ta taɓa yi masa daɗin baki ba, wakensa kuma bai taɓa lalacewa ba. Abin da ke ci mini rai ke nan: da ta ɓatar da shi, da na samu abin faɗa. Da ta zo gaisuwar rasuwarsa ta yi kuka sosai, ni kuwa, Allah ya yafe mini, har kukan na ji kamar ta taɓa rabona.

Ranar da zai cika, rumbu cike yake. Na riƙe hannunsa ina jiran wata magana tawa ni kaɗai. Ya buɗe ido da ƙyar, ya dube ni.

"Waken nan, kada ki sayar sai kin tambayi Hajiya."