Burushin Tsaf-tsaf

Duk wanda zai yi aski a shagon Tsaf-tsaf, to ya ajiye gaggawarsa a bakin ƙofa. Shagon ɗaki ɗaya ne: kujera mai juyawa da aka yi wa faci a hannu, benci, madubi mai tsaga a kusurwa, sai fanka da ke kuka fiye da yadda take ba da iska. Amma ko silin gashi ba za ka tsinta a ƙasa ba, daga nan ma ya samo sunan. Kafin ya taɓa kanka sai ya zuba wa kilifa sifirit, ya ƙyasta ashana, ya ɗaga ta sama wuta na ci, don kowa ya shaida. Mai gyaran waya, maƙwabcinsa, kan leƙo ya ce, "Yau ma gashi ake yi? Idan ta nuna a yanko min."

Tsaf-tsaf bai yi nisa a karatu ba, kuma abin na cin ransa har yau. Yana yaro mahaifinsa ya rasu, aka kai shi wajen wani tsoho mai aski. Tsohon ya ba shi sana'a, da zai mutu kuma ya bar masa burushi, mai mariƙin katako da hannu ya sa ya yi baƙi, da gashi mai laushi. Da shi yake rufe kowane aski. Ya barbaɗa hoda, ya kaɗe wuya da ƙeya da bayan kunne. Yara na mutuwar son wannan wuri, su riƙa noƙe wuya suna dariya.

Da ɗansa Auta ya shiga aji ɗaya, makaranta ta tara iyaye, malamar lafiya ta faɗi dokoki. Duk Litinin za a duba farce da kai. Mai zazzaɓi ya zauna gida. Mai ciwon ido ko makero ba zai shiga aji ba sai an kai shi asibiti ya fara shan magani. Babu wanda ya kai Tsaf-tsaf gyaɗa kai. Har tashi ya yi ya ce a ƙara tsanantawa, wai wasu iyayen ba su san darajar sabulu ba.

To, wata Litinin sai ga Maman Auta a ƙofar shago, riƙe da hannun yaron, jakarsa a baya.

"Sun ce makero ne," ta ce a hankali, don akwai mutane a benci.

Ya jawo kan yaron gaban madubi. Ga shi nan kuwa, wani farin da'ira sama da kunne, gashin wurin ya kakkarye. Ɗan mai aski! Kunya ta rufe shi, sannan fushi ya biyo baya. Washegari ya kifa wa yaron hula, ya kai shi makaranta da kansa. Malamar tana bakin get. Ta gaishe shi da girmamawa, ta cire hular, ta miƙa masa.

"Baban Auta, ai kai ka ce a tsananta. Ku je asibiti tukuna."

Suka tafi asibiti. Aka rubuta magani na sha da sabulun wanke kai. Da an gama aikin safe yakan zaunar da Auta a benci da littafi, yana nuna masa baƙaƙen da shi ma da ƙyar yake haɗa su. Ya rantse wa kansa cewa yaron nan ba zai saba da zaman shago ba, don ya san yadda ake farawa. Wuri ya warke, aka ce Auta ya koma makaranta. Don murna ya yi masa sabon aski, ya kaɗe shi da hoda har yana atishawa.

Ba a jima ba abu ya dawo, a ƙeya wannan karon.

A layin asibiti ya tarar da wasu yaran ajin su Auta da iyayensu mata, kowa na hararar ɗan wani. Wata ma ta faɗa yadda zai ji, wai ɗan mai aski ne ya kawo musu. Yana shirin mayar mata sai idonsa ya sauka a ƙeyar ɗanta. Mai aski ba ya kasa gane aikin hannunsa. Yadda aka zagaye bayan kunnen nan, da ɗan lanƙwasar da aka bari a gindin ƙeya, nasa ne. Ya dubi na kusa da shi. Nasa ne. Ya bi kawunan nan ɗaya bayan ɗaya, duk aikinsa ne.

Da suka dawo ya rufe shago da rana tsaka, ya baje kayan aiki a kan tebur. Maman Auta na tsaye ta harɗe hannu.

"Kilifa ina ƙona ta," ya ce. "Almakashi ina goge shi. Ƙyallen wuya ke kike wankewa. To ta ina?"

Ta nuna burushin da baki. "Wancan fa? Tun da aka kawo ni gidanka ban taɓa ganin ya sha ruwa ba."

"Maigidana ya ce ruwa na kashe gashinsa."

"Allah Ya jiƙansa. Amma shi ba shi da ɗa a aji ɗaya."

Bai so rabuwa da shi ba, gaskiya. Ya tafasa ruwa, ya zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya tsoma burushin yana fatan ya tsira. Gam ɗin da ke riƙe da gashin ya narke. Gashin ya taso saman ruwa, ya ɗago katako tsirara a hannunsa. Ya daɗe zaune yana juya shi.

Da a ce ya yi shiru, da babu mai sani. Amma ya san akwai yaran da ya aske waɗanda ba su zo asibiti ba, ya kuma san dabarar hula, tun da shi ma ya gwada ta. Muddin suna ajin, Auta zai yi ta ɗaukowa ana koro shi. Da safe ya sa rigarsa mai kyau ya je wurin malamar, ya ce mata, "Malama, daga shagona ne." Ya faɗi gidajen da yake wa aski. Daga nan bai jira ta aika ba, ya bi su ƙofa-ƙofa da ƙafarsa. Wasu suka yi godiya. Wani uba ya zage shi tas a gaban yara, ya tsaya ya shanye, da mutumin ya gama ya sake ce masa ya dai kai yaron a duba.

Labari ya zaga, benci ya bushe. Masu zuwa duk mako suka koma shagon da ke bayan tasha. Mai gyaran waya ya daina tsokana, abin da ya fi tsokanar ciwo.

Ranar da aka ce Auta ya koma, ya yi masa aski da sassafe. Yana kashe kilifa yaron ya noƙe wuya ya rufe ido, yana jira. Uban ya ɗauko ƙyalle wankakke ya goge masa ƙeya.

"Baba, burushi fa?"

"Ya yi ritaya. Ɗauki jakarka."

A bakin get malamar ta juya kan yaron dama da hagu, ta duba bayan kunne, ta ce, "Wuce." Auta ya ruga da gudu, ko waiwaye bai yi ba. Tsaf-tsaf ya tsaya har ya ga shigarsa aji, yana matse katakon nan a aljihu. Sannan ya koma ya buɗe shago. Babu kowa a benci. Ya share ƙasa, ya zuba wa kilifa sifirit, ya ƙyasta ashana.