Gidan da Aka Yi wa Launin Karsana

Ban taɓa mantawa da yammacin da na tsaya a gaban wani sabon gida a wajen Gangara, riƙe da takardar da ke cewa aikina ya kammala, alhali wadda aka gina gidan dominta tana zaune a ƙofar bukka ta ba shi baya. Kafin wannan rana, abin da na yi imani da shi shi ne zaɓen launi ilimi ne mai ƙa'ida, kamar awon tushe ko lissafin nauyin rufi. A jami'a an nuna mana da'irar launuka, aka ce kowane launi yana da abokinsa a ɗaya gefen, kuma abokin ruwan goro shi ne shuɗi. Na riƙe wannan magana shekaru da dama ban taɓa tuhumarta ba.

A lokacin ni ne mai kula da gine-gine a wani shiri da ke koya wa magina aikin tubalin matse, buronmu, wato ofishinmu, yana garin Agye. Saboda ƙannena da suka shigo aikin daga baya, bari in yi bayani. Tubalin matse jar ƙasa ce da ake tankaɗewa, a haɗa ta da ɗan siminti, a danne ta cikin inji, a shanya a inuwa. Idan ya bushe yakan fito ruwan goro. Ba a yi masa shafe, ba a lulluɓe shi da fenti, domin bango yana bukatar shan iska, in an toshe shi damshi yakan taru ya cinye shi ta ciki. Wurare huɗu kaɗai ake shafawa: gindin bango da ake ɗaurewa da siminti saboda fantsamar ruwa, da ƙyaure, da tagogi, da rawanin sama.

Mai aikin wani makiyayi ne, sunansa Dikko, ɗan fari a gidansu. Ya gina ciki da falo ne domin mahaifiyarsa, Inna Hajjo, wadda tari ya riƙe mata ƙirji damina biyu a jere. Kowace shekara, da ruwan farko, ƙanensa yakan kora garke arewa don a bar wa manoma gonakinsu, ita kuma takan bi shanu a kan jaki, kamar yadda ta saba tun tana budurwa. Malamin likita ya gaya wa Dikko cewa ƙirjinta ba zai ɗauki wata daminar a fili ba. Saura kamar mako uku ruwa ya sauka.

Na je masa da takardar launuka, na nuna masa shuɗi don ƙyaure da tagogi, toka-toka don gindi da rawani. Ya dubi takardar kamar mai duban rubutun da bai iya ba, ya ce da ɗan Faransancinsa, "Mushe Lawali, kai ka yi lakol, ka san boko. Yadda ka gani." Na ɗauki wannan a matsayin yarda. Mai fentinmu, Kyari, wani Babarbare ɗan Gazawa mai bakin tsiya, ya gama cikin kwana biyu. Dikko ya sa hannu a takardar karɓar aiki, wato shaidar cewa an yi yadda aka yi alkawari. Shugabana ya ce mini, "An karɓa? To rufe dosiye ka ajiye takardun, aikin garin Cadawa na jiranka."

Bayan mako guda na biyo ta wurin tare da Kyari don ɗaukar tsani da muka bari. Gidan yana nan a rufe, ko sawun kaza babu a ƙofarsa. Ƙoren nonon Inna Hajjo kuwa an ɗaure su cikin raga, irin ɗaurin tafiya. Na ja Dikko gefe na tambaye shi abin da ya faru.

"Ba ta ce komai ba," in ji shi.

"Ka tambaye ta?"

Ya dube ni da mamaki, sannan ya sunkuyar da kai. A nan na tuna abin da na sani tun ina yaro amma ban taɓa kawo shi cikin aikina ba. Bafulatana ba ta kama sunan ɗanta na fari, balle ta zauna ta gaya masa abin da ke ranta, shi ma ba ya iya tsayawa a gabanta ya ce, Inna, me ya sa? Uwa da ɗa suna gida ɗaya, kunya ta gina musu bango da ya fi nawa kauri. Ni kuma baƙo ne mai takarda, gaisuwa kaɗai nake da ita a wurinta.

Kyari ne ya warware. Tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa, abin da ɗa ba ya iya faɗa taubashi, wato abokin wasa, yakan faɗe shi tsirara. Ya je ya tsuguna a gabanta ba ko sallama.

"Ke tsohuwar Bafulatana, an gina miki gidan mutane kin ƙi shiga. Ko tsoron ƙyaure kike, tunda ba ki taɓa ganin irinsa ba?"

Ba ta ɗaga kai daga faifan da take saƙa ba. "Bawana ya zo. Kai ka shafa wannan abu?"

"Ni na shafa, ubangijinki."

"To wa za a yi wa allura a ciki?"

Kyari ya fashe da dariya. Na juya na dubi ginin, na gan shi yadda take ganinsa. Shuɗin ƙyaure, shuɗin taga, toka-toka a ƙasa. Gidan likita ne sak. Ta ci gaba, muryarta a kwance, Hausarta tana tafe a hankali kamar mai taka ƙaya. Ta ce ƙofa mai wannan launi sau biyu ta shige ta a rayuwarta. Na farko ta shiga da mijinta ta fito ita kaɗai. Na biyu an tambaye ta takarda, ba ta da ita.

"Wancan," ta ce, ta nuna wajen Dikko da haɓa, "in kwanciyar mutuwa ya gina mini, gara ta same ni bayan shanu."

Rana ta yi sanyi, garken ya fara dawowa daga kiwo. Jajayen shanu ne, rahaji, masu dogayen ƙahoni, suna tafe ba gaggawa, ƙahonin suna lilo a sama kamar rassan da iska ke taɓawa. Wata karsana, wadda ta fi sauran hasken jiki, ta ware ta je ta tsaya a jikin bangon tana sosa kafaɗa. Hasken la'asar ya kwanta a kansu su biyu, sai na kasa gane inda fatarta ta ƙare bango ya fara. Na daɗe ina kallo. Ji na yi kamar gidan ma yanzu ya dawo daga kiwo, ya durƙusa yana tuƙa, kuma in an kira shi da sunansa zai miƙe.

Inna Hajjo ta lura da inda idona yake. A karon farko ta yi mini magana kai tsaye.

"Ɗan nan, wanda ya yi nagge ja ya rasa shuɗi ne?"

Nagge ita ce saniya a bakinsu. Na ce bai rasa ba, Inna. Ta ce to in duba abin da ya sa mata. Na matsa kusa da karsanar da littafina, ni da na yi shekara huɗu ina karatun gini, na tsaya ina koyo a jikin dabba. Ƙahonta ba fari fat ba ne, launin man shanu ne da bai narke ba. Kofatonta baƙi-baƙi mai ratsin ja, kamar gindin tukunya. Hancinta da kewayen idanunta ruwan ƙasa ne mai duhu. Ba abin da ke faɗa da wani. Har yau ina tambayar kaina yadda na yi ta wuce irin waɗannan shanu a hanya ba tare da na gan su ba.

Na buga wa shugabana waya na ce Cadawa ta ƙara mini kwana uku. Ya ce, "Dosiyen da aka rufe?" Na ce an rufe takarda, gida ne ba a buɗe ba. Ya ce in yi abin da na gani.

Washegari Kyari ya kankare shuɗin nan duka. Ya riƙa haɗa fari da ɗigon rawaya, ya shafa a ɗan katako, ya bi karsanar yana kara shi a ƙahonta, ita kuma tana kaɗa kai tana nufarsa.

"Inna, gaya wa ƙanwarki ta tsaya!"

"Ta san Babarbare ne, tana tsoron ka sace ta."

Sau biyar ya haɗa kafin tsohuwar ta ɗaga hannu. Rawanin sama ya sami launin ƙaho, kuma Kyari, ba tare da an sa shi ba, ya ɗan ja launin ya sauko a kusurwoyi biyu na gaba. Gindin bango ya sami launin kofato. Tagogi launin kewayen ido, ƙyaure launin hanci. Da muka gama na ja da baya na duba. Ruwan goron tubalin, wanda a da yake ihu tsakanin shuɗi da toka, ya kwanta ya yi laushi. Ban san wata ƙa'ida da zan iya kafa hujja da ita ba, na dai ga ya zauna.

Inna Hajjo ba ta yaba ba, kuma ban sa ran za ta yaba ba. Da la'asar ta tashi ta zagaya gidan sau ɗaya, ta ɗora tafinta a jikin bango ta shafa shi daga sama zuwa ƙasa, yadda ake shafa gadon bayan saniya kafin tatsa. Sannan ta ce da Kyari, "Kai bawa, ƙoren nan ba su da ƙafa."

Ya kinkimi ragar yana mita, ya kai ciki. Dikko ya juya ya nufi turke, ya daɗe yana gyaran wata igiya da ba abin da ya same ta.

Abin da na koya shi ne, a wajen mutanenmu sa hannu ba shi ne yarda ba, kuma wanda zai kwana a ɗaki sau da yawa ba shi ne ke zuwa buro ba. Ruwan farko ya sauka bayan kwana tara, garke ya tafi arewa ba da ita ba, ta yi damina huɗu a gidan. Daga wannan aiki, ba na zaɓen fenti sai na fara neman wanda ke wasa da masu gidan.