Kamarar da na ɗaura a motar ƙanena

Ni mai walda ne, kuma ba na jin kunyar faɗin cewa a Arlit ba a cika samun wanda ya fi ni tsaftar aiki ba. Shekaru na yi a garejin ma'adinin uraniyom, ƙarƙashin wani shef, wato shugaban garejin, da ba ya yarda an ɗaure ƙusa sai ya sa hannunsa ya girgiza ta. Da aka rufe ramin da muke wa aiki aka sallame mu, sai na kafa rumfata a bakin hanyar tasha, ina gyaran ƙofofi da gadaje da motocin masu shiga daji. Babban abin da na fito da shi daga kamfani shi ne duba abu sau biyu. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya yi mini uzuri ya ce ban san abin da na gani ba ranar nan. Na sani sarai.

Ƙanena direba ne. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, na girme shi da shekara tara, ni na koya masa hawan keke. Yana jan kat-kat, buɗaɗɗiyar motar nan mai shiga rairayi, tsakanin Arlit da ramukan zinariya na Tchibarakaten, yana kai ruwa da buhuna da mutane. In ya tafi, ni da Inna hankalinmu ba ya kwanciya sai mun ji ƙarar motarsa a ƙofar gida. In ya dawo kuma ba ya zama. Direbobin hanyar zinariya sun ɓullo da wani wasa: ranar Juma'a bayan la'asar su fita bayan gari, wani fili mai tauri da tsakuwa ta rufe, su jera mota biyu, a kafa gangar ƙarfe can nesa, a ga wanda zai riga kaiwa. Babu kwana, babu juyi, taka mai ne kawai. A ganina hauka ce tsantsa. Mutum Allah ya fito da shi daga sahara lafiya, ya zo yana neman ajalinsa a bakin gari. Na sha faɗa masa haka, shi kuwa dariya yake yi.

Wata Laraba cikin bazara ya shigo rumfata da wani ɗan baƙin abu a tafin hannu, kamar an haɗa akwatin ashana biyu.

“Yaya, ga aiki na kawo maka.”

“Mene ne wannan kuma?”

“Kamara ce, ta masu tsere. Ko cikin ruwa aka jefa ta ba ta komi.”

“Ina ka ga ruwan a garin nan?”

Kamarar ta zo da wata roba mai kama jikin mota. Ya manna, zafin ƙarfe ya saki robar, ta faɗo tun bai kai kasuwa ba. Ya naɗe ta da salatif, gam ɗin ya narke. Waɗanda suka ƙera ta ba su taɓa ɗora hannu a kan mota da azahar a Arlit ba. Abin da yake so shi ne in yi mata mazauni na ƙarfe, ƙasa-ƙasa, a bayan tayar gaba ta ɓangaren direba, yadda za a ga taya tana watsa tsakuwa, a kuma hango motar abokin karawa tana komawa baya.

Na ce ba zan sa hannu a shirme ba.

“To shi ke nan,” ya ce, yana mayar da ita aljihu. “Bari in kai wa na bayan kasuwa.”

Ya san inda zai taɓa ni. Wancan na bayan kasuwa waldarsa kamar kashin kaji take, ɗigo nan ɗigo can. Na ce ya ajiye motar ya tafi.

Kwana biyu na yi a kan aikin. Ban kusanci motar da wuta ba, don duk direban hanyar zinariya yana da ƙarin tankin mai a bayan kujera, tartsatsi ɗaya ya isa. A kan benci na haɗa ƙarfen, na huda gindin matakin mota na ɗaure shi, kowace ƙusa da noti biyu. Na yanko roba daga tsohon tib ɗin taya na shimfiɗa a ƙarƙashi don ta shanye girgiza. Na ƙara da siririyar waya, ko da komai ya saki kamarar ba za ta tashi ba. Gaskiya na ji daɗin aikin. Tun da na bar kamfani babu wanda ya kawo mini abin da sai na zauna na yi tunani, kullum sai ƙofa ta ɓalle, gado ya karye.

Ranar Juma'a na bi shi filin, karo na farko a rayuwata. Na ce da kaina notuna zan duba in dawo. Motoci sun yi layi, direbobi cikin rawani, Buzaye da Tubawa da namu, ana dafa shayi a inuwar mota, kowa da waya a hannu. Wanda zai kara da shi wani mutumin Tawa ne mai sabuwar mota, injinta na gurnani tun tana tsaye.

Mutanen nan suna da ɗabi'u biyu da suka ɗauko daga daji. Ta farko, kafin su shiga rairayi sukan rage wa taya iska don ta baje, kada mota ta nutse. Abin ya zama musu jiki, har ko a wannan fili mai tauri sai ka ga kowa ya tsuguna da tsinken ashana yana danna bakin taya, yana ƙirga a ransa. Wai mota ta fi kama ƙasa wajen tashi. Ta biyu, da zarar an tada inji ba a ambaton ɓarna. Ba a cewa birki, ba a cewa taya, ba a cewa yi hankali. A wurinsu wanda ya faɗa shi ya kira, kuma ba za su ƙara son ganinsa kusa da mota ba. Abin da ake cewa kawai Allah ya tsare.

Ƙanena ya rage iskarsa, ya danna maɓallin kamara, jar wuta ta kama, ya shiga ya tada mota. Ni kuma na kwanta a tsakuwa da kile, wato sifana, a hannu don in bi notunan nan karo na ƙarshe. Duk suna nan daram. Ina shirin tashi idona ya faɗa kan tayar.

A gefenta akwai wani ƙulli, kamar ƙwan zabo a ƙarƙashin fata. Ranar Laraba da tayar ke cike ban gan shi ba. Na sa babban yatsa na danna, ya lotsa kamar maruru. Duk wanda ya yi aikin gareji ya san ma'anar wannan: dutse ya tsinke zaren ciki, roba ce kaɗai ta rage tana riƙe da iska, kuma taya mai ƙarancin iska saurin zafi take in ana gudu. Na ɗaga kai, ƙafafun mutane ne ko'ina, inji biyu suna ruri. Na tuna Inna. Na tuna yadda za su dube ni in na miƙe na ce a kashe mota, da yadda zai ji a gaban abokansa, yayansa ya zo ya yi masa baki.

“Mai walda, fito mana! Ko barci kake?” wani ya ƙwala.

Na fito. Na bugi gefen motar da tafin hannu na ce, “Allah ya tsare.” Ya ɗaga mini yatsa ta taga, yana murmushi.

Wani dattijon Buzu ya tsaya tsakanin motocin, ya ɗaga tsohon rawani ya saki. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan ɗan lokaci ba. Mutane na ihu, ni ina tsaye da kile a hannu ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, ina haɗa farkon wata da ƙarshen wata. Na roƙi Allah ya sa injin ya mutu. Na roƙa ya sa ɗan Tawa ya wuce shi da nisa, ko zai saki mai. Amma ƙanena ne a gaba, kuma tazarar ƙaruwa take. Ya wuce rabin fili. Na fara cewa a raina wataƙila za ta kai, saura kaɗan, wataƙila tsorona ne ya girmama abin.

Sai ƙarar ta zo, kamar an harba bindiga. Motar ta karkata hagu, ta juyo mana da gefenta, ta tashi. Sau biyu na ga cikinta yana kallon sama.

Ban san yadda na kai wurin ba, takalmina ɗaya dai a hanya ya tsaya. Warin mai ya cika wurin, ana ta ihu kada kowa ya matso da sigari. Mun same shi can gefe, motar ta jefar da shi, ƙafarsa ta hagu ta lanƙwashe a inda ƙafa ba ta lanƙwasa. Na sa kunne a bakinsa. Yana numfashi. Muna ɗaga shi na ji wani a bayana yana cewa, “Kai, ku dubi ƙarfen nan, ko gezau! Kamarar ma tana nan tana ɗauka.” Da ba don hannuwana na riƙe da kan ƙanena ba, da na kai masa mari.

A gidan likita aka ce cinya ta karye wuri biyu, kafaɗa ta goce. Zai rayu, zai yi tafiya, amma ƙafar ba za ta ƙara taka kulocin kat-kat a rairayi ba. Inna ba ta tambaye ni komai ba, sai godiya take mini wai da ina wurin. Kowa ya ce ƙaddara ce, taya ce ta fashe, babu wanda ya isa ya sani. Ni ma na bi su ina cewa haka ne.

Rana ta huɗu na kai masa kunu da hantsi. Wani abokinsa na wurin, wanda ya ciro kamarar daga motar ya juye masa hoton a waya. Ƙanena ya ce masa ya ɗan ba mu wuri.

“Yaya, zo ka ga aikinka.”

Na zauna a bakin gadon. Na manta sam cewa ya kunna kamarar tun kafin in kwanta a ƙarƙashin motar. Abu na farko da ya fito fuskata ce, dab da gilashi, gumi na zuba. Ga ni ina bin notuna. Ga ni na tsaya cak. Ga yatsana ya danna ƙullin, ya lotsa, na sake dannawa. Na ɗaga kai na dubi mutane. Duk wannan na tuna da shi.

Abin da ya biyo baya ne ban tuna ba. Hannuna ya miƙo wajen kamarar, hoton ya ɗan motsa, ya ɗan sunkuya, har ƙullin ya zo tsakiya daidai. Sa'an nan na sa kile na ƙara ɗaure ta, na tashi.

Na sha tambayar kaina dalilin wannan, kuma amsar da nake samu ba mai daɗi ba ce. Bakina ya kasa magana, amma hannuna ya san inda abin zai faru, ya kuma gyara aikinsa don kada ya wuce shi. Hoton bai girgiza ba ko kaɗan. Ana ganin ƙullin yana kumbura, yana zagayowa, yana ƙara girma, har ya buɗe.

Ya tsayar da hoton. Na kasa duban fuskarsa, sai ƙarfen da aka rataye ƙafarsa da shi nake kallo.

“Abokai sun dame ni in tura musu,” ya ce. “Na yanke daga inda aka saki rawani. Farkon nan ban bar kowa ya gani ba, Inna ma ba za ta gani ba.”

Ya danna, ya goge farkon a gabana.

“Kar ka sa wa ranka, Yaya. Ko da ka faɗa, wallahi da ban sauka ba.”

Har yau ban san ko gaskiya ya faɗa ba, shi ma ba na jin ya sani. Abin da na sani shi ne ban ba shi damar ya ƙi ba. Na buɗe baki in nemi gafara, ya riga ni.

“Ɗan ɗaga ni in sha kunun nan, kafin ya huce.”

Na zura hannu a bayansa na ɗaga shi a hankali, ta ɓangaren kafaɗar da ba ta goce ba. Da na miƙa masa kofin sai da ya riƙe hannuna, don kunun zuba yake a kan zanen gado.