Da Yaya Sabo Ya Ga Abin Da Na Gani A Hanyar Gwaram

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Sabo, malami a wata kwalejin horar da malamai. Allah Ya jiƙansa. Idan an tura shi ƙauyukan Gwaram duba ɗalibai masu koyon koyarwa, ba ya tsayawa a aji kaɗai. Sai ya shiga gari ya tambayi maƙwabta yadda yaro yake zaune da mutane, ko yana gaida dattawa, ko yana zuwa dubiya. Abokan aikinsa na ganin ɓata lokaci ne. Shi kuwa yakan ce takarda abin da ɗalibi ya haddace take nunawa, ba abin da ya zama ba.

A watan jiya ina dawowa Birnin Kudu daga Gwaram, sai na tarar babur ya faɗi da wata mata mai juna biyu, tana kwance a gefen titi jini na zuba. Ga mota cike da 'yan kwaleji ta tsaya. Na zaci taimako ya zo. Ashe wayoyi suka fito da su, kowa na ɗaukar hoto.

Gani ya kori ji. A cikinsu har da Nura, ɗan marigayin, wanda muka gama murnar ya fi kowa maki a ajinsu. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ranar na yi shakkar zancen.

Da muka haɗa ido, sai ya saki wayar. Shi ya tallafi matar, muka kai ta babban asibiti. Ta rayu, ita da abin da ke cikinta.

A bakin asibitin Nura ya ce da ni, “Baffa, wallahi ban ma san lokacin da na ɗaga wayar ba.”

Wannan maganar ta fi hoton tayar mini da hankali. Wace jarrabawa ce za ta gano irin wannan? Da Yaya yana nan, wa zai tambaya, alhali maƙwabtan ma wayar ce a hannunsu?

Yaya bai bar gida mai bene ba, ɗaliban da ya koyar ma sun watsu. Amma na ga ɗansa ya kasa ɗaga kai ya dube ni har muka isa gida. Kunyar nan gadon ubansa ce, kuma muddin tana nan, icen bai gama bushewa ba, ana iya tanƙwara shi.