Ƙahon Gaske

Akwai wani katun da ya mamaye gidana shekara guda cur. Labarin wata 'yar maraƙa ne da ambaliya ta raba da uwarta, ta yi ta yawo tana waƙa har suka sadu. 'Yata ta tsakiya, tana aji biyar a lokacin, ta kalle shi a wayata har batirin ya kumbura. Ni ma da nake zagin abin, na sha kama bakina yana bin waƙar ina wanke-wanke. Da makarantarsu a nan Kankia ta ce za a mayar da shi wasan dandamali a bikin ƙarshen shekara, aka kuma ba ta matsayin uwar maraƙar, sai muka daina jin kunnenmu a gidan.

Malamarsu ta ce kowace uwa ta yi wa ɗanta ƙaho da kwali. Ni kuwa ina da wani hali da ban taɓa ɓoyewa ba: ba na son a ce nawa daidai yake da na kowa. Ga shi mahaifiyata Bafulatana ce. Jikar masu shanu ta hau dandamali da kwalin taliya a ka? Na ce ba da ni ba. Na hau mota zuwa wata kasuwar ƙauye, na sami wani mahauci, na faɗa masa buƙatata. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya nuna mini bayan rumfarsa ya ce in zaɓa. Na ɗauko guda biyu na saniyar da aka yanka da safen nan, farare masu baƙin baki. Na hagun ya lanƙwaso ƙasa, an datse tsininsa, ga wasu tsaga uku a gindinsa. Shi ya fi burge ni, don ya yi kama da na tsohuwar saniya mai tarihi.

Kwana uku ina dafa su ina ƙwaƙule cikinsu. Wari ya kori maigidana zuwa majalisa, maƙwabta suka aiko a tambaya ko wani abu ne ya mutu. Na shanya su, na goge da man gyaɗa, na ɗinke a jikin wata tsohuwar hular sanyi. Da yarinyar ta ɗora, wuyanta har rawa yake, amma ta ce ba nauyi ko kaɗan.

Kawu, ƙanen mahaifiyata, yana zaune a rugarsu ta wajen Kusada. Wata huɗu kafin bikin, ɓarayi suka kore garkensa gaba ɗaya, ba su bar masa ko ɗan maraƙi ba. Tun daga ranar ya zama ɗan kasuwa ba saye ba sayarwa. Duk inda kasuwa ke ci, yana can a kara, wato wurin da ake tsayar da shanu, yana bin su ɗaya bayan ɗaya da ido. Ya ce ba duka yake nema ba. Akwai wata tsohuwar saniya da ya gada daga kakanmu, ita ce uwar garken, in ya same ta zai sake farawa. Mutane sun gaji da ba shi haƙuri, shi kuma bai gaji da tafiya ba. Wannan tafiyar ce kawai take tashe shi da safe, kowa ya sani.

Ni na matsa a kawo shi bikin. Na ce wa mahaifiyata ya zo ya ga jikarsa ya ɗan yi dariya, ya huta da zaman kara kwana ɗaya. Ya zo da hantsi a bayan babur, da malafarsa da sandarsa, ya rame har rigar ta yi masa yawa. Na zaunar da shi a layin gaba, kusa da ni, don kada komai ya wuce shi.

Dandamalin tebura ne aka jera aka shimfiɗa tabarmi, rumfar tamfol a sama, lasifika ɗaya tana ƙugi. Yara masu shuɗin zane suka zama ambaliya, suna birgima suna waƙa. Maraƙar ta ɓata, ta gamu da bushiya, ta gamu da balbela, kowa da waƙarsa. Ƙahonin kwali suka yi ta faɗuwa ana dariya, ni kuma ina ta gyara zama. Na saci kallon Kawu, na ga har ya ɗan murmusa, na ce a raina to ka gani.

Sai 'yata ta fito. Fili ya ɗauki tafi, wata mata a bayana ta ce wannan kam saniya ce ta gaske. Ta tsaya a bakin dandamali, taku uku tsakaninmu, ta fara waƙar uwa mai neman ɗiyarta, tana juya kai dama da hagu yadda aka koya mata. Na juya in karɓi yabona wurin Kawu. Ya miƙa wuya gaba, bakinsa a ɗan buɗe, sandar ta zame daga hannunsa ta faɗi bai ɗauka ba. Na zaci waƙar ce ta taɓa shi. Wallahi har daɗi na ji.

Haka ya zauna har uwa da ɗiya suka rungume juna, yara duka suka hau suna rawa, iyaye na liƙi. Da aka tashi, yarinyar ta rugo ta durƙusa ta gaishe shi, hular na kanta. Ya sa mata albarka. Sannan ya kai hannu ya shafa ƙahon hagun, ya bi tsagar nan uku da babban yatsa. Ya aike ta ta sayo masa ruwa, ya jira ta yi nisa.

“Ɗiyata, ina kika samo ƙahon ga?”

Na faɗa masa sunan kasuwar, har ina shirin ba shi labarin warin.

“Ni na datse shi,” in ji shi. “Ido yake nema ya tsone wa uwar garken. Tsagar kuma tsohonmu ya yi ta da hannu nai.”

Ya tambaye ni wace rana ce, na faɗa. Ya ƙirga da yatsu a hankali, ya gyaɗa kai.

“Na je kasuwar ranar. Babur ya yi mamu faci a hanya, sai da hantsi na isa.”

Na ce mu koma wurin mahaucin yanzun nan, a kama shi, a yi duk abin da za a yi. Faɗa nake sosai, don faɗan ya fi mini sauƙi a kan kallon fuskarsa. Ya ce mahauci zai ce wurin dillali ya saya, dillali ya ce wurin wani baƙo, kuma ko an kamo su duka saniyar ba za ta tashi ba. Ya roƙe ni kada in gaya wa yarinyar. Da ta dawo da ruwan ya sha, ya ce mata ta iya waƙa.

Bayan mako biyu na je Kusada, kunya kamar ta kashe ni. Ranar kasuwa ce, amma na same shi a gida. Ya tumɓuke turakun shanun duka ya tara a gefe, igiyar ɗaure maruƙa kuma matarsa ta yi shanya da ita. Yana zaune a inuwa ba ya komai. Na durƙusa na fara ba shi haƙuri, kuka ya ci ƙarfina.

Ya ce in daina, ai taimakonsa na yi, na hutar da ƙafarsa. Da gaske yake faɗa, babu gori a ciki, kuma shi ya fi yi mini ciwo. Matarsa ta rako ni bakin hanya, ta ce tun ranar da ya dawo daga Kankia bai ƙara tambayar yau wace kasuwa ke ci ba.