Masuncin Da Ya Koma Tela

Jama'a, ku ji abin da ya faru da ni yau a Kalgo!

Kun tuna Magaji masunci, wanda ruwa ya tafi da shi a fim ɗinmu na ranar Asabar? Tun daga nan kakata Inna ta daina kallo. Haka gulbi ya ci ɗanta, Kawu Bello, ko hularsa ba a gani ba.

Ɗazu da la'asar muka kunna wani fim daban. Sai ga ɗan wasan nan da ya yi Magaji, ya fito a tela! Inna tana wucewa ta tsaya cak.

"Wanga ba Magaji ba ne? Ashe ya hito!"

Na buɗe baki zan ce labarin daban ne, Yaya Hauwa ta mintsine ni.

Inna ta zauna gaban talabijin tana murmushi, kamar mai mafarki. "Wani gari ruwa ya kai shi. Dube shi, har ƙiba ya yi."

Can ta juyo a hankali. "Jikalle, in kin koma Gwandu, ki riƙa leƙa shagunan teloli. Bello ma ya iya riƙon allura."

Wallahi na ce mata to.