Gwiwar Namadi Mai Zuma

Namadi ba ya hawa itace sai ya tsaya a gindi ya ja yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ce ƙas, sannan ya yi bisimilla ya kama reshe. Mai zuma ne a wani ƙauye kusa da Kebbe. Shi ke saƙa amyarsa da ciyawa, ya shafe da kashin shanu, ya turara, ya ɗora bisa ɗorawa ko kirya. Ranar kasuwar Tambuwal masu saye kan tambayi zumarsa da suna.

Matarsa Mu'minatu ta tsani ƙarar nan.

"Malam, wata rana yatsun ga za su kumbura, ko loma ba ka iya kai baki."

"Tun ina ɗan samari nika jin haka," in ji shi. "Ga tuwonki shina ƙarewa kullum."

Yatsun ba su taɓa ba shi kunya ba. Gwiwoyinsa ma masu surutu ne, in ya miƙe daga zaune har na bayan zana sai ya ji. Shi kuwa ya riƙe cewa gaɓar da ke ƙara ba tare da ciwo ba, gaisuwa kawai take yi.

Wata shekara bayan girbi gwiwar dama ta kumbura, ta yi zafi, ta daina ƙarar. Ya ɗaure ta da tsumma cikin wando, bai gaya wa kowa ba, don ya san me za a ce: ya bar hawa. Mai zumar da ba ya hawa kuwa, ai sai dai a kira shi da sunan da.

Sambo ne ya gano, wani Bafillace abokinsa da ke ba shi kashin shanu in sun sauka da rani. Sun sha fura, Namadi ya tashi a hankali.

"Kaɗo, yau ganga guda ni ji," in ji Sambo. "Ina ta biyu?"

"Ta tafi kiwo da shanunka."

"Ɗaga wandon in gani."

Da Sambo ya gani bai yi dariya ba. Washegari ya samo mai babur, suka tafi asibiti a Tambuwal. Aka ce wa Namadi ƙarar ba ita ce cutar ba, gaɓar ce ta zaizaye. Aka ba shi magani, aka ce ya yi ta tafiya a ƙasa, amma bisa ya haƙura.

Bai yi gardama ba, bai kuma ce ya yarda ba. Ya sari gwafanni, ya kafa su a inuwar wata tsamiya, ya ɗora amya daidai ƙirjinsa. Ya zuba toka a gindin kowace saboda tururuwa. Masu wucewa suka riƙa tambaya ko rumbu yake wa ƙudan zuma.

"Ƙuda bai san tsani ba," yakan ce. "Ƙamshi ya sani."

Rani ya yi nisa amyoyin na nan wayam. Sai wata rana da hantsi Mu'minatu ta je ɗebo itace ta dawo da sauri, gyale a hannu, kunci ya tashi.

"Malam, baƙinka sun zaka, kuma ba su da ladabi!"

Ya yi ta dariya har da tari. Daga shekarar bai sake rasa zumar kai kasuwa ba, ƙafarsa kuma ba ta sake barin ƙasa ba.

Amya guda ce ta rage can ƙololuwar wata doguwar ɗorawa, wadda ya ɗora kafin ciwon. An sha yi masa tayin sauko da ita, ya ce a bari, shi ya san yadda ya ɗaure ta, yana tunanin dabarar igiya da gora. Ya fara tufkar igiyar da damina. Allah ya yi masa rasuwa ba ta kai rabi ba. Amyar na can har yanzu, ƙudan na shiga suna fita.